Ciwon Fitsarin Dattawa: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

A wannan mako zan ɗan kauce daga zancen girki da renon yara da muka saba, in ɗauko wata magana wadda a ido ta maza ce, amma in aka duba da kyau wahalarta a kanmu take ƙarewa. Maganar kuwa ita ce ta ciwon fitsari da ke kama maza idan sun manyanta, watau mazajenmu da iyayenmu da surukanmu da kakanninmu.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijo zai iya ɓoye wa abokansa na majalisa, ya zura babbar riga ya tafi kasuwar Kazaure ko ta Babura kamar ba abin da ke damunsa. Amma ba zai iya ɓoye wa matar da ke jin ƙarar buta sau biyar kafin asuba ba, kuma ita ke wanke wando da zanen gado. Saboda haka mu ne na farko da za mu gane, kuma sau da yawa shirun da muka yi don kunya shi ke sa a kai mutum asibiti ranga-ranga bayan ciwo ya ci ƙarfinsa.

Asalin ciwon

Allah ya halicci ɗan Adam da ƙoda biyu masu tace jini dare da rana, suna fitar da kimanin lita ɗaya da rabi na fitsari a kowace rana. Fitsarin yakan gangaro ya taru a mafitsara, wadda ke iya ɗaukar kimanin rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan sha guda. Daga nan sai ya bi wani siririn bututu ya fita waje.

To, a jikin namiji akwai wani ƙululu a ƙarƙashin mafitsara wanda ya kewaye wuyan wannan bututu kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Likitoci suna kiransa furostat. Mata ba su da shi. A jikin saurayi girmansa bai wuce na goro matsakaici ba, nauyinsa kimanin giram 20, aikinsa kuwa shi ne samar da wani sashe na ruwan da ake samun haihuwa da shi. Idan namiji ya haura shekara 40 ko 50 sai ƙululun ya fara ƙara girma a hankali. Yana girma yana matse bututun, kamar a taka tiyon ban-ruwa da ƙafa. Binciken likitoci ya nuna kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, waɗanda suka kai 80 kuwa takwas ne ko tara cikin goma, ko da yake ba duka ne yake dami ba.

Ina so mu riƙe wannan da kyau: kumburin nan ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuma alamar mutum ya yi yawon banza ba ne. Tafiyarsa ɗaya da furfura. Don haka kada kishiya ta zargi kishiya, kada kuma uwargida ta ce amarya ce ta kawo wa gida ciwo.

Alamomin da za ki lura da su

Na farko, yawan tashi fitsari da dare, fiye da sau ɗaya ko biyu, har barci ya gagara. Na biyu, daɗewa a makewayi, domin fitsarin ba ya zuwa nan da nan, sai an jira, sai an yi nishi. Na uku, fitsarin ba shi da ƙarfi, yana zuwa yana yankewa. Na huɗu, ɗigo bayan an gama, abin da ke sa malam yawan canza wando da yawan sake alwala. Na biyar, matsuwa ta gaggawa, har wani lokaci ya kufce kafin a kai bayan gida. Na shida, ya fito amma ya ji kamar bai gama ba, ba da jimawa ba ya sake komawa.

Akwai kuma alamun da ba na jiki ba. Mutumin da ba ya wasa da sahun farko ya koma yin salla a gida. Wanda ya saba zuwa Kano ko Daura fatauci ya fara ƙin doguwar tafiya a mota. Ya daina shan ruwa da fura don tsoron fitsari, ya zama mai saurin fushi saboda rashin barci. Idan kin ga haka, 'yar'uwa, kada ki ce tsufa ne kawai ko rigima ce ta maigida.

Abin da jinkiri ke jawowa

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Idan mafitsara ta daɗe tana faman tura fitsari ta matsattsiyar hanya sai ta gaji, ta daina fitar da shi duka. Ragowar da ke kwana a ciki ita ke jawo ƙwayoyin cuta, da zafin fitsari, da zazzaɓi, da tsakuwa a mafitsara. Yawan nishi kuma yana iya fito da gwaiwa ko basir. Mafi muni, fitsarin da ya rasa hanya yakan koma baya ya danne ƙoda har su lalace, a wayi gari ana maganar wankin ƙoda, wanda kowa ya san irin dukiyar da yake ci.

Wata rana kuma fitsarin yakan tsaya cak. Mara ta kumbura ta yi tauri, mutum ya riƙa murƙususu yana gumi, ko ɗigo ba ya fita. Wannan ba abin da za a ce a bari gari ya waye ba ne. Kada a ba shi jiƙo ko a ɗura masa ruwa da nufin ya turo fitsarin, domin ƙara wa mafitsara kaya ne. Kada a danna marar, kada a yi mata tsaga ko ƙaho. A nemi mota a kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kazaure, ko na Babura, ko duk inda akwai likita. Za a sa masa siririyar roba ta hanyar fitsari, nan take ya sami sauƙi, wani lokaci a fitar da lita guda ko fiye.

Abubuwan da kan tayar da wannan tsayawa sun haɗa da riƙe fitsari a doguwar tafiya, da bushewar ciki, da wasu magungunan mura da tari da ake saye a kemis. Saboda haka dattijon da ke da alamun da na ambata kada a saya masa maganin mura sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Abin da likita zai yi

Tsoron abin da ba a sani ba shi ke hana maza da yawa zuwa asibiti, don haka bari in bayyana. Likita zai yi tambayoyi, zai taɓa mara, sa'an nan ya sa safar hannu ya taɓa ƙululun da yatsa ta dubura, domin ta nan ne kaɗai hannu ke kai gare shi. Abin bai wuce minti ɗaya ba, kuma a keɓe ake yi. Da shi likita zai ji ko ƙululun sumul yake ko kuwa yana da tauri da gurzo. Za a gwada fitsari, a gwada jini don a ga lafiyar ƙoda da yawan sukari, a ɗauki hoton mara da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, a ga girman ƙululun da ragowar fitsarin da ke saura.

Akwai kuma gwajin jini da ake kira PSA, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1986. Yana auna wani sinadari ne da furostat ke fitarwa. Idan ya haura 4 likita yakan ƙara bincike. Amma hawansa ba ya nufin lalle akwai ciwon daji, domin kumburi na tsufa, da ƙwayoyin cuta, har da sa roba, duk suna ɗaga shi. Abin da ke tabbatarwa shi ne a tsakuro ɗan nama kaɗan da allura a duba shi a ɗakin bincike.

Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa za a ba da takardar zuwa gaba. Mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura mun yi sa'a, Kano ba ta kai mana tafiyar awa biyu ko uku ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen ƙwararrun likitocin fitsari, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Akwai Asibitin Abubakar Imam a birnin Kano, wanda aka keɓe don cututtukan fitsari. A cikin jiharmu kuma akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu.

Magani

Wanda alamunsa ba su yi tsanani ba yakan sami sauƙi da gyaran al'ada, kuma nan ne aikin uwargida yake. A sha ruwa sosai da rana, a rage shi awa biyu kafin kwanciya. A rage shayi mai kauri da kofi da goro da yamma, domin suna tsokanar mafitsara. A yawaita ganye a abinci, irin su zogale da rama da kuka, da gwanda da lemo, don ciki ya saki. In za a yi tafiya a yi fitsari kafin a hau mota, kada kuma a ji nauyin tsayar da direba.

Magungunan asibiti iri biyu ne aka fi bayarwa. Na farko, wanda za ki ga an rubuta tamsulosin a kwalinsa, yana sassauta wuyan mafitsara, kuma cikin 'yan kwanaki ake jin amfaninsa. Yakan sa jiri idan an miƙe da sauri, don haka a riƙa tashi a hankali, musamman da dare. In kuma za a yi wa mai shansa aikin yanar ido, lalle a gaya wa likitan ido. Na biyu, mai suna finasteride, wanda ya fito a 1992, yana rage girman ƙululun kansa, amma sai an jure kimanin wata shida ana sha. A nan ina jan kunnenmu mata: mai juna biyu, ko wadda ke tsammanin ciki, kada ta taɓa wannan ƙwaya idan ta fashe ko an daka ta, domin tana iya yi wa halittar ɗa namiji illa tun yana ciki. Maganin kuma yana rage adadin PSA da kimanin rabi, saboda haka a sanar da duk likitan da zai yi gwaji cewa ana shansa.

Idan magani bai yi ba, ko fitsari ya yi ta tsayawa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, sai aiki. Akwai wanda ake yi ba tare da yanka ba, a bi ta hanyar fitsari da na'ura a kankare abin da ya toshe. Akwai na yanka a ƙasan cibiya, idan ƙululun ya yi girma ƙwarai. Galibi allura ake yi a baya a kashe rabin jiki, kuma bayan 'yan kwanaki a cire roba a sallami mutum. Yawancin maza sukan ci gaba da zaman aurensu bayan aikin, sai dai ga da yawansu ruwan haihuwa yakan koma mafitsara maimakon ya fito, abin da kan rage samun ciki. Gidan da ke da amarya mai neman haihuwa ya kamata a tambayi likita wannan tun kafin a sa hannu, don kada daga baya a ɗora wa yarinya laifin da ba nata ba.

Maganar ciwon daji

Kumburin tsufa daban, ciwon daji na furostat daban, ko da yake mutum ɗaya na iya samun duka biyun. Wannan ciwon daji shi ne ya fi kowane kama maza a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai ya kama maza fiye da 15,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 8,000. Ya fi kama baƙar fata: a Ingila an lissafa namiji ɗaya cikin takwas zai same shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe ɗaya ne cikin huɗu. Yana kuma bin jini, don haka wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi shi sai ya ƙara lura.

Sharrin wannan ciwo shi ne da farko ba ya nuna alama. Idan ya yaɗu yakan tafi ƙashi ne, sai a ga ciwon baya ko na ƙugu da ba ya jin magani, da rama, da rashin jini, wani lokaci ƙafafu su mutu. Shi ya sa likitoci ke shawartar baƙar fata su je su tattauna maganar gwaji tun daga shekara 45, ba sai sun ji ciwo ba.

In an gano shi da wuri ana warkewa, ta hanyar cire ƙululun duka ko gasa shi da hasken na'ura. Marigayi Nelson Mandela na Afirka ta Kudu an gano masa shi a 2001 yana da shekara 83, aka yi masa gashi na mako bakwai, ya rayu har 2013. Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya shaida wa duniya cewa ya yi ciwon an kuma yi masa magani. Sarki Charles na Ingila ma a watan Janairun 2024 bai ɓoye ba cewa za a yi masa aikin kumburin furostat. In sarakuna da shugabanni ba su ji kunya ba, me zai sa namu su ji? Ko da ciwon ya yaɗu, akwai abin yi. Tun 1941 wani likita a birnin Shikago mai suna Charles Huggins ya gano cewa ciwon da sinadarin mazantaka yake rayuwa, in an rage sinadarin sai ya lafa, har aka ba shi lambar Nobel a 1966. Yau ana yin haka da allura ta wata-wata ko ta wata uku-uku, ko da ƙaramin aiki, mutum ya sami shekaru cikin sauƙi.

Ba kowane ciwon fitsari ne furostat ba

Yawan fitsari tare da ƙishirwa da rama na iya zama ciwon sukari. Wahalar fitsari ga mai ƙananan shekaru sau da yawa tabo ne da ciwon sanyi ya bari a bututu saboda ba a yi maganinsa daidai ba, ko kuma rauni na haɗari.

Sai tsargiya, wadda ta fi shafar yankinmu saboda dam ɗin Kazaure, da magudanan noman rani na Kogin Gari, da kududdufai da fadamu bayan damina. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar yaro mai iyo ko yarinya mai wanki, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana ƙwai. Ƙwan ne ke sa jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa fitsarin jini alamar balagar yaro ce. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma in aka bar ta shekaru tana lalata ƙoda, tana jawo ciwon daji na mafitsara idan an girma, tana kuma taɓa mahaifar 'ya mace. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana sha a rana ɗaya bayan an ci abinci, kuma kyauta ake raba ta a makarantu, ana auna tsawon yaro da sanda. Mu malamai muna gani, ranar rabo wasu iyaye sukan hana 'ya'yansu zuwa. Don Allah a bari. Jini a fitsarin babba kuwa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, a tafi asibiti.

Yaya za a faɗa masa?

Na san wata za ta ce, "Malama, ina ni ina yi wa maigida wannan zance?" To, a zaɓi lokaci, ba a gaban yara ko kishiya ba, a fara ta wajen barci: "Malam, na ga kwana biyu ba ka samun barci, ko za a je a auna jini da sukari?" In an je, likita ya san sauran. In ya ƙi, a bi ta wajen amininsa, ko babban ɗansa, ko limamin unguwa. Suruka ba za ta iya tarar baban mijinta da maganar ba, amma za ta iya gaya wa mijinta ko uwar miji.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, Allah ya ba ku wata dama da iyayenku mata ba su da ita, watau wasan jika da kaka. Abin da 'ya ba za ta iya furtawa ba, jika za ta faɗe shi cikin raha: "Angona, in ba ka je asibiti ba na fasa auren!" Ku ne kuma masu karatu a gida. Ku rubuta sau nawa yake tashi da dare, ku karanta takardar magani, ku riƙe katin asibiti da ranar komawa.

In an dawo gida da roba, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ta da bayan an taɓa. Jakar ta zauna ƙasa da mara kullum, kada robar ta lanƙwashe, a zubar kafin ta cika, a ba shi ruwa sosai. A koma canji ranar da likita ya sa, galibi bayan mako huɗu. In aka ga zazzaɓi, ko jini mai gudaji, ko fitsari ya daina sauka, a koma nan da nan. Wanda damuwarsa tsarki ce kuma, a tuna masa addini ya yi sauƙi ga mai lalura. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya ambaci mai yoyon fitsari, ya nuna abin so ne ya sabunta alwala a kowace salla. A tambayi malamai su ƙara bayani, kada ciwo ya raba dattijo da masallaci.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, a riƙa ɗan ajiye wani abu daga adashi ko ribar sana'a saboda irin wannan rana, domin kuɗin gwaji da na mota zuwa Kano sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kuɗin wankin ƙoda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa iyayenmu da mazajenmu lafiya da nisan kwana, amin.